Goron da Ban Fasa Ba

Akwai wata magana da ake yi a gidan nan tun wasunku suna ƙanana, har kowa ya haddace ta: wai shekarar da soja suka sauka aka dawo mulkin farar hula, dattawa sun tsayar da ni takarar majalisar jiha, Sale na Fassi ya bi ta bayan fage ya ƙwace. Na ji Auwalu yana ba 'ya'yansa wannan labari, na ji su ma suna ba abokansu a zaure, har da ƙarin gishiri. Ni kuwa ina gefe ina jan carbi kamar kunnena ya toshe. To na gaji. Ba haka aka yi ba. Duk waɗanda suka san yadda aka yi sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Saboda haka ku karanta wannan babi a tsanake, kada wanda ya tsallake layi.

Sai na fara da mazaɓar da ba ku tarar ba, don in ba ku san ta ba ba za ku gane wautar da na tafka ba. A da Rano da Kibiya kujera ɗaya gare su. Tun daga cikin ganuwar Rano har garinmu Fammar da Fassi da rugagen Fulanin da ke tsakani, mutum ɗaya ne yake tafiya majalisa ya yi magana da yawunmu duka. Na ga mutum uku daga ɓangarenmu na siyasa da suka riƙe wannan kujera. Ba zan kama sunayensu ba don zuriyarsu na nan, laƙabinsu ya isa. Na farko shi ne Mai Keke, mutumin Rano, zamanin da majalisa ke zama a Kaduna, ni ina ɗan makaranta. In ya dawo hutu sai ya hau kekensa ya bi kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, ya jingine shi a gindin tsamiya ya zauna, duk mai kuka ya zo ya faɗa. Bai yi boko ba, amma ba ya manta sunan mutum ko sunan ubansa. Na biyu Dogo ne, ɗan Kibiya, dillalin gyaɗa, a mulkin farar hula na biyu. In yana magana sai ka ɗauka rigima ake yi, amma shi ne ya tsaya a kan ma'aikata har aka gina rijiyar da ke bayan makarantarmu, wadda kuke kira rijiyar Dogo ba tare da kun san wane Dogo ba. Na uku wani malamin asibiti ne mai sanyin hali, lokacin da ake zaɓe da layi, kowa ya tsaya a bayan hoton wanda yake so a ƙirga kawuna a rana. Shi ko ɗumama kujerar bai gama ba soja suka sake kore su. Haka tarihin mazaɓarmu yake, a zaɓa, soja su zo su share, a koma gona a jira.

Abin da ya haɗa mutanen nan uku shi ne babu wanda ya nemi kujerar da bakinsa. A ɓangarenmu na siyasa, wanda mahaifina ya bi har ya rasu, abin kunya ne mutum ya miƙe ya ce ni nake so. Dattawa ne suke zama, na Rano da na Kibiya da na ƙauyuka, har da arɗo, su yi ta shawara har bakinsu ya zo ɗaya. Sannan su zuba goro a ƙwarya, a rufe da faifai, a kai gidan mutumin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shi kuma dole ya mayar, ya ce bai isa ba, akwai manyansa. Juma'a ta zagayo a sake kawowa, ya sake mayarwa. Sai a Juma'a ta uku, gaban jama'a, ya buɗe faifai ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya miƙa wa babban dattawan ɓari ɗaya. Shi ke nan ya karɓa. Na taɓa tambayar mahaifina amfanin wannan jan rai, ya ce da ni:

"Sati biyun nan ba don shi ake yi ba, Habu, don mu ne. In akwai wanda ya san wani mugun abu a kansa, ya samu lokacin zuwa ya faɗa. In kuma mutumin mai zumuɗi ne, ba zai iya jira ba, zai fara aike-aike, mu gane shi."

Ina wurin ranar da Dogo ya fasa nasa. Mutumin nan da ba ya tsoron kowa, goron ya kuɓuce masa ya gangara ƙarƙashin tabarma, jama'a suna dariya shi yana share hawaye da hannun riga. Tun daga nan abin ya shiga raina. Ba kujerar nake nufi ba, ranar nake nufi. Na sha zama a ofis ina ganin kaina a tsakiyar irin wannan taro.

Daga baya soja suka yanke Kibiya daga Rano aka ba mu ƙaramar hukumarmu. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai da maganar zaɓe ta taso muka lura cewa kujerar ma an raba ta, Rano da tasu, mu da tamu. Mutanen da muka yi shekara da shekaru muna zama tabarma ɗaya da su suka zama 'yan wata mazaɓa. In na shiga kasuwar Rano sai abokaina su ce ga baƙi sun zo a ba su ruwa, mu yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda an raba komai, wato Baba Tanimu, wani tsohon maɗinki a Rano, wanda ƙwaryar goron take hannunsa tun zamanin Dogo. Ya ce shi takardar gwamnati ba ta raba shi da Fammar ba, muddin yana numfashi shi zai kai goron Kibiya kamar yadda zai kai na Rano. Dattawanmu suka amince, don babu mai iya kallon idon tsohon nan ya ce masa ya zama bare.

Shekarar ban daɗe da yin ritaya daga hedimasta ba. Kaka ce, an cire gyaɗa ana shirin yankan dawa. Soja sun ce za su tafi, kuma wannan karon da gaggawa suke, komai a gurguje ake yinsa, jam'iyyu da rajista da fom. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da babura a ƙofar gida. Baba Tanimu ne a zaure da dattawa shida, ga ƙwarya a gabansa an rufe da faifai. Na zauna muka gaisa, aka tambayi gona da iyali, sannan ya turo ƙwaryar gabana da sandarsa.

"Habu, jama'ar Kibiya sun aiko mu. Sun ce ka gama da yaransu, yanzu iyayen ne suke so ka je ka yi magana da yawunsu."

Na san amsar tun ina saurayi. Na mayar da ƙwaryar da hannu biyu na ce:

"Baba, ban isa ba. Akwai manyana a ƙasar nan, a duba su."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi an yi abin yadda ake yi. Suka tashi suka tafi, ni kuma na shiga cikin gida ina ƙoƙarin ɓoye murmushi. Uwarku tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta riga ta ji komai ta bayan ƙofa.

"Ka mayar ke nan?" in ji ta.

"Haka ake yi, Hajiya."

"Haka ake yi a da. Ni dai na ji a rediyo ana ta faɗar ranar rufe wannan, ranar rufe wancan. Mutanen nan ba su san Juma'a uku ba, Malam."

"Ke dai ki ji da gyaɗarki," na ce mata. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

A nan sai na gaya muku wace ce Asabe, don ƙananan cikinku ba su taɓa jin an ambaci sunanta a gidan nan ba. Asabe ƙawar uwarku ce tun suna 'yan mata a Fassi, ƙawance irin na da wanda iyaye suke shaidawa. Ita ta wanke Auwalu ranar da aka haife shi. Duk sallah akwai wani kwano mai murfi da yake zuwa daga Fassi da tuwo ya koma da waina, fiye da shekara talatin bai taɓa fashi ba. In suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa, dariyarsu har zaure nake ji, in na tambaya su ce ba maganar maza ba ce. Sale ɗan Asabe ne. Ni na koya masa riƙon fensir, ya yi shekara biyu yana kwana a zauren nan yana cin tuwon uwarku, har tana ce masa ɗana. A shekarar da nake ba ku labari ya zama magidanci, kuma shi ne sakataren jam'iyyarmu a Kibiya, duk takardar da za ta tafi Kano ta hannunsa take bi.

Juma'a ta biyu dattawa suka dawo, na sake mayar da ƙwaryar. Sale yana tsaye a bakin zaure ya kasa zama. Da suka fito ya tare Baba Tanimu, ina jin su daga ciki.

"Baba, ran Alhamis ake rufe karɓar fom a Kano. In aka kai Juma'a an makara."

"Wa ya sa Alhamis?"

"Daga sama ne, Baba."

"To ka gaya wa na saman goro na uku ran Juma'a ne. Kwana ɗaya ne tsakani. Mutanen da suka sa muka yi shekara da shekaru muna jiransu, su ne ba za su iya jiranmu kwana ɗaya ba?"

Dattawa suka yi dariya suka ce gaskiya ne. Kada ku ga wautarsu. A iya saninsu duk abin da ake yi da mutane ana iya ɗaga shi in babba ya sa baki, ɗaurin aure ma ana ɗagawa. Ba su taɓa hulɗa da ofishin da yake rufe taga ƙarfe huɗu ko wane ne a layi ba. Ni kuwa ba ni da wannan uzuri. Na yi shekaru ina kai sunayen 'yan jarrabawa, na san abin da ake nufi da ranar rufewa sarai. Amma na riga na kai babbar rigata wurin masu bugu, na riga na aika wa abokaina na Rano su zo, na riga na tsara inda kowa zai zauna. Sai na zaɓi in yarda da Baba Tanimu.

Ran Laraba da hantsi ina gonar bayan rafi. Masu yankan dawa suna can ƙarshen gona, ni ina inuwar ɗorawa ina ɗaure dami. Sai ga Sale a kan babur, shi kaɗai. Ya kashe, ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin kara. Ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ɗora biro a kai. Sannan ya sake sa hannu a aljihu ya fito da goro ɗaya, fari, babba, naɗe a ganye. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, na je Rano na sake roƙon Baba, ya ce ba zai tako ba sai Juma'a. Na je Kano, sun ce ko awa ɗaya ba za a ƙara ba. Na san ni ba kowa ba ne. Amma ga goro na uku. Ka fasa, ka sa hannu a takardar nan, gobe da sassafe in kai. Ran Juma'a a yi taro yadda aka saba, babu wanda zai ji daga bakina."

Ku duba hankalin yaron nan. Ya samo hanyar da kujera ba za ta kuɓuce ba, tsoho ba zai ji kunya ba, ni ma in sha taron da nake so. Ba abin da ya rage sai in miƙa hannu. Amma ni abin da na gani shi ne yaron da na share wa majina ya zo yana ba ni goro a cikin kara, babu tabarma, babu shaida. Abin da na yi shekara ashirin ina jira, shi ne za a ba ni a ɓoye kamar kayan sata. Raina ya ɓaci.

"Kai ne Baba Tanimu?" na ce masa.

"A'a, Malam."

"Kai ne jama'ar Kibiya?"

"A'a, Malam. Amma shugaban jam'iyya ya ce gobe dole a kai suna. In babu naka sai dai a sa na wani, ko da nawa ne, don kada mu tashi babu ɗan takara."

"Ashe. To ka sa naka mana. Ai dama kun iya, ku 'yan zamani. Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."

Ya daɗe a durƙushe. Ya ce, "Malam, don Allah," har sau biyu, ban ɗaga kai ba. Da ya ga haka ya ɗauki ambulan ɗinsa, ya ajiye goron a kan damin da nake ɗaurewa, ya tura babur har bakin hanya kafin ya tayar, don kada ƙararsa ta zama rashin kunya. Goron nan a wurin na bar shi. Na tabbata a raina Sale ba zai iya sa sunansa ba, kuma na tabbata Kano za su jira.

Kano ba su jira ba. Ran Juma'a gidan nan ya cika har waje, mutanen Rano mota biyu, Fulani sun kawo nono, uwarku da Asabe suna madafi tun safe suna dafa shinkafa. Ina cikin babbar riga, an shimfiɗa tabarmi, Baba Tanimu ya ajiye ƙwarya. Kafin ya buɗe baki wani direba da ya dawo daga Kano ya ratso taron ya ce an liƙa sunaye a ofishin jam'iyya, kuma sunan Sale ne a Kibiya. Shi Sale ba ya wurin, daga baya na ji ashe yana can Kano yana bin manya ko za a bar ƙofar sauya suna. Nan take wuri ya ɓarke, masu cewa ɗan Asabe ya ci amana, masu cewa dama tun farko shirinsa ke nan. Baba Tanimu ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya juyo ya dube ni.

"Habu, yaron nan bai zo maka da wata magana ba kafin ya tafi?"

Na dubi jama'a. Na san in na ce ya zo, kafin la'asar labari ya kai Rano cewa hedimasta ya zubar da kujerar gari don ba a yi masa taro ba. In na ce bai zo ba, ni ne wanda aka zalunta, kowa zai tausaya mini. Ban daɗe ina tunani ba, wannan ma ina so ku sani.

"Bai zo ba, Baba."

Tsohon ya jawo ƙwaryarsa ya ɗora a cinya. Bai ƙara kai goro gidan kowa ba, ko a Rano, har Allah ya karɓi ransa. Ya ce zamanin ya fi ƙarfinsa. Tun daga nan duk mai so sai ya buga hotonsa ya liƙa a bango. Na sha zama cikin dattawa ana cewa 'yan zamani sun kashe al'adar goro, ina gyaɗa kai, alhali a zaurena ta mutu kuma ni na kashe ta.

A cikin gida kuwa, Asabe ta fito daga madafi da ludayi a hannu tana cewa ɗanta ba zai yi haka ba, a jira ya dawo a ji ta bakinsa. Uwarku ta dube ta gaban mata ta ce:

"Malam ya ce bai zo ba. Ko Malam ne maƙaryacin?"

Asabe ta ajiye ludayin, ta ɗauki mayafinta ta fita, ko shinkafar da ta dafa ba ta ci ba. Da sallah ta zo kwano ya iso daga Fassi kamar kullum, uwarku ta mayar da shi yadda ya zo, ko murfin ba ta ɗaga ba.

Na zuba ido ina jiran Sale ya tona. Ya dawo, aka zage shi a kasuwa, aka yi masa ihu a Fammar, bai ce uffan ba. Ya aiko mutane cewa a shirye yake ya janye in za a zauna a nemi mafita, dattawa suka ce ba za su zauna da maci amana ba, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Ranar zaɓe Fammar ba ta fito ba, rabin Fassi ma suka juya masa baya, ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya wuce cikin sauƙi. Haka ɓangarenmu ya fara sabuwar mazaɓa, ba ni ba, ba Sale ba. Daga nan bai ƙara siyasa ba, ya koma sayar da taki da iri a kasuwar Rano.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, aka fara kafa kwamitocin sulhu a garuruwa, sai aka ce wa ya fi dacewa ya shugabanci namu in ba Malam Habu ba, mutumin da aka yi wa ƙwace ya bar wa Allah. Na karɓa, wannan karon ko sau ɗaya ban mayar ba. Na yi shekaru ina zama tsakanin manomi da makiyayi, tsakanin wa da ƙane a kan iyakar gona, ina ce musu ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya ko a kanku take. In na dawo gida abinci ba ya yi mini daɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk inda Sale ya gan ni sai ya sauka daga babur ya durƙusa. Wata rana a rumfarsa, babu kowa, na kasa daurewa na ce:

"Sale, me ya hana ka faɗa?"

Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu, ya ce:

"Wa zan faɗa wa, Malam? Ko Inna ban gaya wa ba, don na san ta, a tsakar gidanku za ta je ta faɗa. Kai ka koya mini rubuta sunana. Ba zan tsaya a kasuwa in ce kai maƙaryaci ne ba."

Na so a ce zagina ya yi. Na sayi irin da ba na buƙata na taho.

Fiye da shekara goma aka yi a haka. Wata safiya aka aiko daga Fassi cewa Asabe ta rasu, za a kai ta da hantsi. Uwarku ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ce ba za ta je ba. Ta zuba shinkafa a faifai ta zauna tsinta. Na fito na gan ta, hawaye yana ɗiga a cikin shinkafar, hannunta kuma bai tsaya ba. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na gaya mata komai, gonar da ambulan da goron, ban rage ko ɗaya ba.

"Da azumin bara ta aiko jikarta da kunu," in ji ta. "Ta ce a gaya mini ba ta da lafiya, tana son ganina. Na ce a ce mata ina da aiki."

"Hajiya, ki yafe mini."

"Kujera dai Allah bai rubuta maka ba, Malam, ni ban taɓa damuwa da ita ba. Amma na tsaya gaban mata na tambayi Asabe ko kai ne maƙaryacin, ta yi shiru ta fita don girmanka. Sai yau da ba ta ji ka ga damar faɗa."

Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki ta sako hijabi. Na ce bari in kira mai babur mu tafi tare, ta ce in zauna, ba za ta shiga gidan nan da ni ba. A bakin zaure ta tsaya ta ce ita ba za ta tona ni a wurin 'ya'yana ba, da bakina na ɗaura, da bakina zan kwance. Ta yi shekara huɗu bayan haka tana dafa mini abinci tana kula da ni, ba ta ƙara tayar da maganar ba, ta rasu tana jira in faɗa muku. Sale ma ya rasu. Na je na tsaya a sahun gaba, ku kuwa kuka ƙi zuwa wai kuna taya ni fushi, ban ce muku komai ba.

Auwalu, kai ne babba. Ban yarda a jira sai bayan raina ba. Ka tambayi ranar da 'ya'yan Sale suke gida, ka tara ƙannenka, ku sa ni a mota mu tafi Fassi. Ku zaunar da ni a zaurensu inda kowa zai gan ni, a kira maƙwabta. Muryata ta mutu, kai za ka karanta musu, daga farko. In ka zo wurin da Baba Tanimu ya tambaye ni, na san halinka, za ka so ka yi sauri ka wuce. Kada ka yi sauri, kuma ka ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.